Ku Tambaya Mu Amsa: Firamaren Ƙauyenmu, Karatu Ake Yi ko Zaman Inuwa?

Wasiƙun wannan karon daga karkarar Jihar Kebbi suka fito, kuma duk a kan ƙaramar firamaren ƙauye suke. Tsofaffin malaman aji da masu duba makarantu ne suka amsa, da taimakon wata ma'aikaciyar lafiya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji 4, kowane zango katinsa yana nuna ya zo na biyu ko na uku. Amma da na miƙa masa waya ya karanta mini saƙo da Hausa, sai ya yi tsuru-tsuru. Mu da bokonmu bai yi nisa ba, yaya za mu gane ko ana karatu a makarantar nan? Daga wani uba, yankin Augie.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Katin sakamako yana jera yara ne a tsakaninsu, ba ya faɗin abin da yaro ya iya. Idan ajin duka ba mai iya karatu, dole dai wani ya zo na ɗaya, wani na biyu.

Abin da ke jawo haka sananne ne. Malami ya rubuta a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi baki ɗaya, sannan su kwafe a littafi. Wanda ya bi ta bayan taga zai rantse karatu ake zubawa, alhali yaran sun haddace sautin ne, idonsu bai haɗa shi da harafi ba. Ranar jarrabawa kuma abin da suka kwafa shi ake tambaya. Shekara ta zagayo, kowa ya wuce aji na gaba. A makarantar allo ba a yin haka: sai yaro ya san babbaƙu kafin farfaru, kuma ba ya wanke allo sai malam ya saurare shi shi kaɗai. Wannan sauraron na ɗaiɗai shi ne ya ɓace a yawancin firamarenmu.

Gwajin da za ka yi bai wuce minti 10 ba, kuma duk wanda ya iya karanta Hausar boko zai iya yi maka. A samu farar takarda a rubuta abin da yaron bai taɓa gani ba, kada a ɗauko daga littafin ajinsu. A fara da haruffa 10 a hargitse, ba a jeren a, b, c ba, don jeren waƙa ce kowa ya iya. Idan ya faɗi sautinsu, a ba shi gaɓoɓi kamar na, ki, mu, ɗo, tsa. Daga nan kalmomi irin su rana, kifi, tulu, shinkafa, kwalekwale. Sai jimloli huɗu gajeru, a ƙarshe ɗan labari mai layi 8 ko 10, a yi masa tambaya biyu a kansa don a ga ko ya fahimta. Inda ya cije, nan ne ainihin ajinsa. A duba musamman ko yana bambanta k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ: a rubuta masa kafa da ƙafa a ga ko zai karanta su iri ɗaya. Ta fannin lissafi, a ba shi 52 a cire 27. Yaron da ya rubuta 35 bai fahimci aro ba, ya cire ƙarami daga babba ne kawai a kowane gefe, kuma ana gyara wannan cikin 'yan kwanaki da ɗaurin kara goma-goma.

A ganinmu, ɗan aji 3 da ba ya karanta ɗan labarin Hausa a tsanake yana bukatar ceto nan take, balle ɗan aji 4. Kada ka tsaya a kan ɗanka kaɗai. Ka nemi kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ya gwada yara 10 daga kowane aji a gaban hedimasta, ba don a kunyata kowa ba. Idan sakamakon ya fito a rubuce, gardama ta ƙare. A gida kuma, rabin awa kullum bayan la'asar tare da wani yayansa da ya iya karatu ta fi awa uku ranar Asabar amfani. A fara da Hausa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake magana da shi, Turanci ba ya ba shi wahala irin ta wanda aka fara masa da kalmomin da bai san ma'anarsu ba.

Tambaya: Ni hedimasta ne. Mu biyu ne kacal, yara kusan 140, daga aji 1 zuwa 6, ɗakuna uku. Wasu yaran ma Fulatanci ko Zabarmanci suke ji a gida. Ta ina zan kama? Daga yankin Bagudo.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kai kuwa ninkin haka ke hannunka, don haka ka ci gaba da neman ƙarin malamai a rubuce. Amma kafin su zo, ga abin da ke aiki.

Kuskuren farko da ake yi shi ne malamai biyu su riƙa zagaya azuzuwa shida suna ba kowane minti 15. Rabin yini yana ƙarewa a hanya da cewa "ku yi shiru". Na biyu, a ɗora malamin da ya fi ƙwarewa a aji 6 saboda jarrabawar fita, a bar 'yan aji 1 suna ta waƙa da wasan ƙasa. Juya abin za ka yi: wanda ya fi haƙuri da iya koyar da karatu shi zai riƙe ƙanana.

Ka gwada dukkan yaran da irin gwajin da muka bayyana a sama, kwana biyu ko uku sun isa. Sannan ka raba su gida uku bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba: masu koyon haruffa, masu haɗa gaɓa da kalma, da masu karanta labari. Wannan dabara ta koyar da yaro daidai matakinsa ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, kuma an gwada ta a jihohin Arewa. Daga an tashi taron safe zuwa fita tara, karatun Hausa da lissafi kawai za a yi a waɗannan rukunai, awa ɗaya ga kowanne, lokacin da kai bai yi zafi ba. Kai ka riƙe rukunin farko, abokin aikinka na biyu, na ukun kuma a ba su aikin da za su yi da kansu ƙarƙashin manyan ɗalibai biyu da aka nuna musu abin yi tun jiya, ɗayanku yana leƙa su duk minti 20. Bayan tara kowa ya koma ajinsa, a haɗa 1 da 2, 3 da 4, 5 da 6. Darussa irin su addini, kiwon lafiya da zamantakewa ana iya koyar da maudu'i ɗaya ga aji biyu, sai aikin da za a ba su ya bambanta. Duk bayan mako shida a sake gwaji, wanda ya ci gaba ya hau rukuni na gaba. Idan ba a sake gwajin ba, rukunin ƙasa sai ya zama wurin ajiye waɗanda aka fid da rai da su, kuma wannan ya fi rashin rabawar muni.

Kayan aiki ba sai an jira Birnin Kebbi ba. Kwalin taliya ko na sabulu a yanka shi kamar faɗin tafin hannu, a rubuta harafi ɗaya a kowanne da babbar maka, kowane rukunin yara biyar su samu nasu. Karan dawa a ɗaure goma-goma da zare, tsakuwa ko ƙwallon dabino su zama ɗaiɗai. Ƙasan bango a shafe shi da baƙin fenti daga gwiwa zuwa ƙirjin yaro, yara 20 su iya rubutu da alli a lokaci guda, kai kuma kana ganin hannun kowa daga inda kake tsaye.

Game da masu Fulatanci da Zabarmanci, ka zaunar da kowanne kusa da yaron da ke jin harsunan biyu, ka bar su su yi magana da juna da harshensu. A makonnin farko ka yawaita nuna abu kana kiran sunansa da Hausa kafin ka kawo harafi. Shirun irin wannan yaro ba daƙiƙanci ba ne. Idan rugagen da ke kusa da ku suna da yawa, ka tambayi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma batun sashen ilimin makiyaya, domin tun 1989 akwai hukumar ƙasa da aka kafa don 'ya'yan makiyaya, daga baya aka haɗa da na masunta masu ƙaura.

Tambaya: Malaminmu a gari yake zaune. Litinin ba ya isowa sai hantsi, ranar kasuwa ba ya zuwa, ƙarshen wata kuma sai ya yi kwana uku wai ya je karɓar albashi. Maza sun ce a kai ƙararsa a canza shi. Daga wata uwa, karkarar Bunza.

Amsa: Baiwar Allah, ku yi hattara da neman canji. Sau da yawa ana ɗauke malamin, wanda za a turo kuma ba ya zuwa, ku wayi gari ba ko ɗaya.

Ku fara da shaida. Kowace makaranta tana da littafin da malamai ke sa hannu da lokacin isowa. Hedimasta ya ja layi da jan biro idan lokacin shiga aji ya yi, duk wanda ya zo bayan nan ya sa hannu a ƙasan layi. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya zo ranar Laraba ya cike gurbin Litinin da Talata, shi ya sa ya kamata mutum biyu daga SBMC, mace da namiji, su riƙa leƙawa sau biyu a mako ba tare da sanarwa ba, su rubuta kwanan wata da wanda suka tarar a aji, ba a ƙarƙashin bishiya ba. Bayan wata guda, a zauna da malamin a gaban hakimi da liman, a nuna masa, a kuma saurare shi. Galibi kuɗin babur ne ke cinye albashin, ko hanya ta yanke da damina. Ƙauyen da ya ba malami ɗaki mai ƙofa da makewayi, da ɗan fili ya yi noma, ya kan ga canji fiye da wanda ya yi ta kai ƙara.

Idan an yi haka bai gyaru ba, sai a rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma takarda mai ɗauke da ranakun da aka lissafa, shugaban kwamiti da hakimi su sa hannu, a riƙe kwafi, a sanar da uban ƙasa. Shiru ya yi yawa, a aika kwafin ga SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Takarda mai kwanan wata tana da nauyin da "kullum ba ya zuwa" ba ta da shi.

Maganin dindindin kuwa shi ne ɗan gari ko 'yar gari. NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga kuma karatun cibiyar horar da malamai ta ƙasa, wato NTI, da ake yi a ƙarshen mako. Ku zaɓi waɗanda suka gama sakandare a cikinku, ku taimaka musu. Malama mace guda a makaranta tana riƙe 'yan mata a aji 5 da 6 fiye da kowane wa'azi. Sai dai ku ma iyaye ku dubi naku ɓangaren: idan lokacin dashen shinkafa da korar janbaki rabin aji yana fadama, malamin da ya biya kuɗin babur ya tarar da yara 12 ba zai yi ɗokin dawowa gobe ba.

Tambaya: Ana karɓar kuɗi a wurinmu kowane zango, wai na alli da jarrabawa. Wanda bai biya ba a kore shi. Daidai ne? Daga wani manomi, yankin Suru.

Amsa: Ba daidai ba ne, Malam. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma dole ne, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ga mai karɓar kuɗin makaranta. Gaskiya ne alli da rajista ba sa isowa a kan kari, kuma iyaye suna iya yin karo-karo da yardarsu. Sharaɗi shi ne a yanke shawarar a taro, ma'ajin kwamiti ya riƙe kuɗin ba hedimasta ba, a rubuta shiga da fita a karanta wa jama'a ƙarshen zango, kuma kada a mayar da yaro gida saboda uban bai bayar ba.

Tambaya: Ni ce shugabar iyaye mata. Yaranmu kusan 120 ne, babu ruwa babu masai. 'Yan mata idan sun fita tara ba sa dawowa. Sannan yara maza da yawa suna fitsarin jini, wasu na cewa alamar girma ce. Daga bakin kogi, yankin Yauri.

Amsa: Hajiya, mu fara da fitsarin jinin. Ba alamar girma ba ce, tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwa mai kwanciya, irin na gefen kogi, kududdufi da gonar shinkafa. Ta fata take shiga lokacin wanka, kamun kifi ko wanki. Mai ɗauke da ita idan ya yi fitsari a ruwa sai ya zuba ƙwai, abin ya sake zagayowa. Tana tsotse jinin yaro, ya riƙa kasala da gyangyaɗi a aji, idan ta daɗe kuma ta taɓa mafitsara da ƙoda. 'Yan mata ma suna kamuwa, ɓoyewa kawai suke yi. Maganinta praziquantel, kuma ana raba shi kyauta a makarantu a yankunan da cutar ta yi yawa. Ku je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ku tambayi jami'in da ke kula da rabon, ku tabbatar makarantarku tana cikin jerinsu. Ana auna yawan ƙwayoyin maganin ne da tsayin yaro a jikin sanda mai alama, ba da shekaru ba. Abin da ke ɓata rabon shi ne a ba yara da yunwa: sai jiri da ciwon ciki da amai su biyo baya, jita-jita ta bazu, baɗi kowa ya hana ɗansa. Ranar rabo ku iyaye mata ku dama kunu ko koko, kowane yaro ya sha ya ƙoshi kafin ya haɗiya. Maganin tsutsar ciki, albendazole ko mebendazole, shi ma a kan haɗa shi a irin wannan rabo.

Ruwa kuma, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar jeka-ka-dawo shi ne lita 5 ga kowane mutum a rana. Yara 120 ke nan lita 600, jarka 24 mai cin lita 25. Idan hakan ya yi nauyi, a fara da na sha: randa mai murfi a kowane aji, da moɗa mai dogon hannu da ake ɗiba a zuba a kofi, kada kowa ya tsoma nasa. A watannin Maris zuwa Mayu a ninka. Yaron da zawo ya kama a makaranta, a haɗa masa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, fakiti ɗaya a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a kai shi asibiti. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a lokacin bazara kuwa ba a jira a tashi makaranta, sanƙarau ba ya ba da lokaci.

Masai: ma'aunin shi ne rami ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya ga maza 50 tare da wurin fitsari. Ku fara da biyu na 'yan mata, su ne suka fi bukata. A haƙa aƙalla mita 30 daga rijiya, ta gangare ba ta tudu ba. Ƙasar bakin kogi rairayi ce kuma ruwa yana kusa, don haka ramin da ba a ɗaure shi da bulo ba damina ɗaya zai rufta. A ɗaure shi, a ɗaga bakinsa sama da inda ambaliya ke kaiwa, a sa murfi, a sa bututun iska mai raga a kai don ƙuda. Ƙofa ta kasance da sakata ta ciki, kuma kada ta kalli filin da maza ke ƙwallo. A ajiye buta da toka ko sabulu. Mun fi jaddada abu guda: kada a sa kwaɗo a miƙa wa malami makulli. Yarinyar da ta fara al'ada ba za ta je gaban namiji ta roƙi makulli ba, gida za ta tafi. Ku bar shi a buɗe lokacin karatu, ku tsara wanda zai wanke kullum, maza da mata kowa nasa.

Tambaya: Iskar farkon damina ta yaye mana kwanon aji biyu, karo na biyu ke nan. Mun tara ɗan kuɗi. Me za mu gaya wa kafinta? Daga sakataren SBMC, yankin Gwandu.

Amsa: Malam Sakatare, ba daga sama kaɗai iska ke yaye kwano ba, daga ciki ma tana ɗaga shi. Hadari ya taso daga gabas, ya shiga ta tagogin da ba su da murfi, ya rasa mafita, sai ya cira rufin. Saboda haka a sa murafun taga da ƙofa a cikin lissafin kuɗin tun farko, a kuma ɗora wa wani alhakin rufe su kullum bayan an tashi, har da lokacin hutu.

Wajen aikin, a duba yadda aka haɗa katako da bango. Ƙusa kaɗai ba ta riƙewa. A ɗaure kowane babban katako da rodi ko ƙarfen ɗauri da aka binne a cikin kankaren saman bango. Idan ginin ba shi da wannan kankare, a huda bango layi biyu ko uku na bulo ƙasa, a zagayo da ƙarfen ta nan. Katakon da gara ta ci a fitar da shi duka, kada a yi masa ƙari, sabon kuma a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. Ƙusar kwano mai hula za a yi amfani da ita, a buga a kan tudun kwano ba a kwarinsa ba don kada ya yi yoyo, a ƙara yawanta a gefuna da kusurwoyi, domin ta nan yayewa ke farawa. Kada bakin kwano ya zarce bango da yawa. A toshe ramukan da ke tsakanin bango da rufi, in ba haka ba jemagu su cika silin, warin kashinsu ya kori yara waje. Ta gabas a dasa layin dogon yaro da tazarar kamar mita 10 daga gini, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton ɓarnar, hedimasta ya rubuta ta a littafin tarihin makaranta, a kai rahoto ofishin Sakataren Ilimi. Kuɗin manyan gine-gine daga UBEC suke zuwa, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wadda ke samun kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha kuma sai ta zuba nata kason kafin ta karɓa, don haka abin yana ɗaukar lokaci. Idan fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara ya zo, ku zauna tare da hedimasta a cike shi: yawan yara na gaskiya, ɗakunan da ke da rufi da waɗanda ba su da shi, benci nawa, masai nawa. Da waɗannan alƙaluma ake tsara inda aiki zai je. Aikin kafintan kuma a gama shi kafin ƙarshen Afrilu, kada a biya shi cikon kuɗinsa sai mutum biyu daga kwamiti sun hau sun ƙirga ɗaurin da idonsu.